Na Ɓoye wa Likita, Fatata Ta Tona

Ni tela ne, sama da shekara ashirin ke nan ina kan keke. Da hannuna nake ci, da shi nake ciyar da iyalina, don haka duk wanda ya san sana'ar zai gane irin tsoron da zan ba da labarinsa.

A goman ƙarshe na azumin 2019, wajen ƙarfe biyun dare, muna ta fama da ɗinkin sallah. An ɗauke wuta, sai muka hura dutsen guga na gawayi. Ina goge wuyan wata shadda ruwan toka, na dafe ta da hagu, sai yaron shagona ya daka tsawa, "Oga, hannunka!" Na duba. Gefen hannuna, daga ɗan ƙaramin yatsa zuwa kusa da tsintsiyar hannu, yana manne da jikin dutsen. Fatar har ta yi fari ta fara tashi. Ko ɗigon zafi ban ji ba. Na ce wa yaron gajiya ce da rashin barci, na shafa man goge baki a wurin, muka ci gaba da aiki. Shi ya yarda. Ni kuwa gabana ya yanke ya faɗi, domin na taɓa ganin mutumin da wuta ke ƙona shi bai sani ba.

Kawuna ne, ƙanin Inna. Tun ina ɗan shekara goma sha uku har na kai sha tara, ɗaki ɗaya muke kwana da shi a soron gidanmu. Mutum ne mai kirki, shi ya fara kai ni wurin koyon ɗinki. Na tashi na ga gashin girarsa yana zubewa, fatar kunnensa ta yi kauri, hancinsa kullum a toshe kamar mai mura, wani lokaci har da ɗan jini. A gidanmu ba a taɓa kiran sunan abin ba. "Ciwon nan" ake cewa, a yi ƙasa da murya. Wasu a dangi suka ce tsaka ce ta faɗa masa a abinci, wasu suka ce sammu ne, wani maƙwabci ma ya taɓa cewa rantsuwar ƙarya ce ta kama shi, maganar da Inna ba ta yafe ba har yau. An sha da shi saiwoyi, an yi turare, an yi wanka da rubutu. Sai da ƙafarsa ta yi gyambon da ya ƙi warkewa sannan aka kai shi asibitin kutare. Can suka ba shi magani ya warke daga cutar, amma yatsu biyu na ƙafa sun riga sun tafi, hannayen sun ƙanƙance. Ya rasu a 2011 da wata rashin lafiya daban, Allah Ya jiƙansa.

Daren da na ƙone, akwai abin da ni kaɗai da maiɗakina muka sani. Kusan shekara guda ke nan ina da wani tabo a bayan damtsena na hagu, faɗinsa kamar murfin gwangwanin madara, ya fi sauran jikina haske, gefensa ya ɗan tasa. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, ba ya gumi, gashin wurin ma ya kaɗe. Daga baya wani ya fito ƙasa da gwiwar hannu, sannan wani ƙarami a kumatuna. Na ce ƙyasbi ne. Na je wani kemis aka ba ni man shafawa na haɗi, irin mai magani uku a ciki, na yi wata da watanni ina shafawa. Gefen da ya tasa ya kwanta, na ce alhamdu lillahi. Ashe lulluɓe shi kawai man ya yi.

Bayan sallah maiɗakina ta tsare ni. Ta ce, "Maigida, ni dai hankalina bai kwanta ba. Jiya da kake barci na taɓa wurin nan da tsinken tsintsiya, ko motsi ba ka yi ba. Da na taɓa gefensa ka zabura." Na yi mata faɗa sosai, har na ce ko so take ta ja mini abin da ba ni da shi. Ba ta tanka ba. Washegari da safe na tarar ta ajiye mini kuɗin mota a kan hulata.

Na je babban asibitin da ke kusa da mu, aka tura ni ɗakin ma'aikacin da ke kula da masu tarin fuka da kuturta, don a ƙasar nan shiri ɗaya ne ke riƙe da cututtukan biyu. Ganin rubutun da ke ƙofar kaɗai ya sa na so juyawa. Dattijo ne mai haƙuri. Ya fitar da ni waje inda akwai hasken rana, ya duba tabban, ya murza auduga ta yi tsini, ya ce in rufe ido, duk inda ya taɓa in nuna da yatsa. A nan na yi abin da har yau nake nadamarsa. Ban rufe idon duka ba. Ta ƙasan gashin ido nake leƙen hannunsa, duk inda na ga audugar ta sauka sai in kai yatsa. Da ya tambayi tabon ƙunar, na ce ai na ji zafi, sauri ne ya sa. Da ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa irin wannan ciwo a gidanmu, na ce babu. Na yi musun Kawu, mutumin da ya raba bargo da ni.

Ya ce to bari a yi gwajin kunne. Ya matse leɓen kunnena da yatsu biyu sosai har wurin ya yi fari, jini ya janye. Ya ɗauki ƙaramar aska ya tsaga kaɗan, tsawon bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ya juya bakin askar ya kankaro ɗan ruwan da ke ciki, ya shafa a kan wani siririn gilashi. Haka ya yi a ɗaya kunnen da gefen tabo biyu. Ya ce ba jini ake so ba, ruwan naman ake so, don a nan ƙwayoyin ke zama. Bayan kwana biyu na koma, takarda ta ce ba a ga komai ba, sifili a duk wurare huɗun.

Kamar an sauke mini dutse daga ka. Har na miƙe zan tafi sai dattijon ya riƙo hannuna na hagu, ya lanƙwasa gwiwar, ya sa yatsa a bayan ƙashin nan da in ka buge shi kake jin kamar lantarki. Ya murza wani abu a wurin, ya murza na dama, ya sake komawa na hagu. Ya ce, "Malam, wannan jijiyar ta fi 'yar'uwarta kauri. Gwajin kunne in ya ce akwai, to akwai. In ya ce babu, bai rantse ba." Ya rubuta mini takarda zuwa wurin likitar fata a asibitin koyarwa.

Takardar ta yi sati uku a aljihun kekena, tare da allurai da alli. Abin da ya fitar da ita shi ne ranar da na zo zura zare a allura na ga yatsun hagu ba sa riƙe ta da kyau, ta suɓuce har sau uku.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta tambayi abin da nake shafawa, na nuna mata kwalin, ta girgiza kai ta ce irin wannan man yana sauya kamannin tabo har ya rikita mai dubawa. Ta maimaita gwajin auduga, amma ita sai ta sa wata nas ta tare mini fuska da fayil. Da na rasa abin leƙe, sai na koma cewa "na ji" a duk lokacin da na zaci ta taɓa. Ba ta ce komai ba. Ta gama ta ce za ta ɗebi ɗan yankin fata a kai ɗakin gwaji a duba shi a madubin likita, domin akwai cututtukan da ke kama da juna a ido, kamar tarin fuka na fata da wasu nau'in cutar fangas da ke cin fata, kuma ko da abin da take zato ne, tana so ta san wane iri ne.

Aikin bai kai minti goma sha biyar ba. Ta zaɓi gefen tabon damtse, daga ciki, inda ya ɗan tasa. Ta yi allurar kashe zafi, ta ɗauko wani ƙarfe mai kama da bakin biro, bakinsa zagaye mai kaifi, ta dasa ta murza. Ta ce dole ta nutsa har kitsen da ke ƙarƙashin fata, don ƙananan jijiyoyin ji a can ƙasa suke, kuma su ne shaidun da take nema. Abin da ta ciro bai kai ƙwayar wake ba. Ta jefa shi a kwalba mai ruwan fomalin, ta rubuta lamba, ta yi mini ɗinki biyu da baƙin zare. Kuɗin gwajin ya kai abin da nake samu a ɗinkin kaftani huɗu, maiɗakina ce ta cika daga adashinta.

Sati biyu da rabi na jira. A cikinsu na daina cin abinci kwano ɗaya da yarana, na ce musu ina da mura. Ƙaramin, ɗan shekara uku, ya saba hawa cinyata da daddare, sai in ture shi, ya koma gefe yana kallona. Addu'ar nan da Annabi (SAW) ya koyar ta neman tsari daga albaras da hauka da kuturta da munanan cututtuka, na karanta ta ba adadi, ina kuka a sujada.

Ranar sakamako likitar ta rufe ƙofa ta ce, "Malam, kuturta ce, kuma ana warkewa." Na ce, "Ranki ya daɗe, ai an gwada kunnena an ce babu. Kuma ai ina jin audugar." Ta dube ni ta ce, "Sau biyu ka ce ka ji alhali hannuna yana sama ban taɓa ka ba. Ban ga laifinka ba, kusan kowa da irin tsoron nan yake zuwa." Na sunkuyar da kai. A nan ne na ba ta labarin Kawu daga farko har ƙarshe, karo na farko da na faɗa wa wani bare.

Duk da haka zuciyata ba ta sallama ba, na ce ina so in gani da idona. Ban zaci za ta yarda ba, amma ta buga waya, ta haɗa ni da wani matashin likita a sashen da ake karanta nama. Minti ashirin da na yi a ɗakinsa sun fi mini wa'azin shekara.

Ya nuna mini wani ɗan dunƙulen kaki kamar na kyandir, fatata tana daskare a tsakiya. Ya ce bayan fomalin ya hana ta ruɓewa, sai a tsane ruwan jikinta, a zuba mata narkakken kaki, in ya daskare a ɗora a kan wata na'ura mai yanka ta sala-sala, kowace sala ta fi silin gashi siranta sau goma ko fiye. Sai a shimfiɗa a gilashi a rina. Da ya ce rini na ji mun zo gida, don na san yadda yadi ke karɓar launi. Gilashi biyu aka yi mini, kowanne da irin rininsa.

Ya ɗora na farko ya ce in sa ido. Da fari ban ga komai ba sai haske, ya murɗa wani abu, sai ga wata duniya mai ruwan hoda da shuɗi kamar zanen atamfa. Ya ce saman nan mai layi-layi ita ce fatar waje. Ya gangara ƙasa. Sai na ga wurare da ɗigo-ɗigo masu duhu suka yi cincirindo, tsibi nan tsibi can, kamar mutane sun taru a bakin rijiya. Ya ce waɗannan sojojin jikina ne, garkuwar da Allah Ya halitta mini, sun yi dandazo sun kewaye abokin gaba. A tsakiyar wani tsibin akwai wata ƙatuwa mai idanu da yawa jere a gefe kamar siffar kofaton doki, ya ce sojoji ne da dama suka narke suka zama ɗaya. Sannan ya kai kibiyar da ke cikin madubin kan wani abu mai kama da igiyar da ta tsufa, zarenta ya warware, ɗigon nan sun kutsa cikinta sun raba ta. Ya ce, "Wannan jijiyar ji ce. Ka ga yadda aka shiga cikinta? Tsibin nan kaɗai ana ganinsa a wasu cututtuka. Amma in ka ga ya bi jijiya yana cin ta daga ciki, to kuturta ce ke da wannan hali." A take na gane dalilin da dutsen guga ya ƙona ni ban sani ba. Igiyar da za ta kai saƙon zafin ce ta tsinke.

Gilashi na biyu shi ne na neman ƙwayar kanta. Ya ce rinin ana kiransa Fite, kuma wani abin mamaki, man gyaɗa ake haɗawa da sinadarin da ke narkar da kakin. Dalili shi ne ƙwayar kuturta tana da rigar kitse a jikinta wadda ke riƙe jan launi, amma rigar ba ta kai ta ƙwayar tarin fuka ƙarfi ba, in aka wanke da ƙarfi sai launin ya zube a rasa ta, man ne ke kare ta. Ya ɗiga wani mai a kan gilashin, ya juya zuwa idon madubin da ke ƙara girman abu sau dubu. Fili ne mai shuɗi-shuɗi, fayau. Ya ce ya fi rabin awa yana yawo a cikinsa kafin ya same su. A cikin wata 'yar jijiya, ga su nan guda uku, jajaye, sirara, kamar guntayen jan zaren da almakashi ke zubarwa a ƙasan keke. Na daɗe ina kallonsu. Abin da ya gutsure Kawu, ya sa aka daina ba shi hannu a masallaci, ya sa Inna ta shekara ashirin tana magana ƙasa-ƙasa, ga shi nan, halitta ce mai jiki da tsawo, ba tsaka ba, ba sammu ba, ba rantsuwa ba. Likitan ya ce wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ne ya fara ganin su a garin Bergen a 1873, lokacin da mutanen can ma suke cewa gadon gida ce.

Na tambaye shi, in ƙwaya ɗaya ce, me ya sa nawa bai yi kama da na Kawu ba? Ya ja takarda ya zana layi, ya raba shi gida biyar. Ya ce wasu likitoci biyu a Landan, Ridley da Jopling, su suka tsara wannan rabo a 1966, kuma ma'auninsa shi ne yadda jikin mutum ke yaƙar ƙwayar. A ƙarshen layin na hagu ya rubuta TT: garkuwa mai ƙarfi, tabo ɗaya ko biyu, tsibin sojoji a tsare, ƙwaya kuwa da ƙyar a gan ta. A ƙarshen dama ya rubuta LL: jiki ya ƙyale ƙwayar ta yi ta haihuwa, har sojojin da suka haɗiye ta su kumbura su yi kamar kumfar sabulu, cike da ita dami-dami. Irin wannan ko gwajin kunne ya isa ya nuna, don ma'aunin yawan ƙwayar daga sifili yake zuwa shida, su kuma sukan kai biyar ko shida. Shi ne mai zubar da gira, mai kaurara kunne, mai toshe hanci, kuma shi ya fi yaɗuwa, ta numfashi da majina, ga wanda ya daɗe yana zama kusa da marar lafiyar da bai fara magani ba. A tsakani akwai gida uku, BT da BB da BL. Ya sa biro a kan BT ya ce, "Kai a nan kake. Jikinka yana faɗa, shi ya sa kunnenka bai nuna komai ba. Sai dai a cikin jijiya ake faɗan, ita ce filin daga."

Na ce to daga Kawu na ɗauka ke nan? Ya ce ba mai iya rantsewa, amma zai yiwu, domin ƙwayar tana da nawa ƙwarai. Takan yi kusan sati biyu kafin ɗaya ta zama biyu, har yau ma an kasa shuka ta a kwanon gwaji kamar sauran ƙwayoyi. Shi ya sa takan yi shekara biyar a jiki ba a sani ba, wani lokaci har ashirin. Ya ƙara da cewa cikin mutum ɗari, kusan casa'in da biyar jikinsu ba ya karɓar ta ko sun haɗu da ita. Mu goma sha ɗaya ne a gidan nan tare da Kawu, ni kaɗai ta fito wa.

Da na koma wurin likitar fata ta ce wajen ba da magani Hukumar Lafiya ta Duniya gida biyu kawai ta yi, don ma'aikacin ƙauye da ba shi da madubi ya iya aiki: mai ƙarancin ƙwaya, wanda tabonsa bai wuce biyar ba, wata shida, mai yawan ƙwaya, wata goma sha biyu. Tabona uku ne, da ƙirga kawai aka bi da a gidan farko zan faɗa. Amma tunda babbar jijiya ta kamu, kuma an ga ƙwayar a nama, sai ta sa ni a na wata goma sha biyu. Ta mayar da ni wurin dattijon nan na farko, don a hannunsu maganin yake. Da na shiga na ce, "Baba, na yi maka ƙarya ranar nan." Ya ce, "Na sani, ɗana. Zauna."

Maganin kyauta ne, ko sisi ban biya ba, kuma haka yake a duk duniya tun 1995. Fakiti ne na kwana ashirin da takwas, iri uku a ciki: rifamfisin da dafson da kulofazimin. Layin sama a gabansa nake sha sau ɗaya a wata, sauran kullum a gida. Ya gargaɗe ni cewa ranar shan na wata fitsarina zai yi ja, kada in firgita, kuma fatata za ta yi duhu. Ta yi kuwa. Ni da nake wankan tarwaɗa na koma baƙi mai ja-ja, ƙafafuna suna bushewa kamar a hunturu. Abokan ciniki suna tambaya, ina cewa magani nake sha. Abin da ya fi faranta mini shi ne da ya ce da zarar an fara shan maganin mutum ya daina yaɗa cutar. A daren na ɗauki ƙaramin yarona na ɗora a cinya, muka ci tuwo kwano ɗaya. An duba shi da 'yan'uwansa da mahaifiyarsu daga kai har ƙafa, ba a ga komai ba, aka ce a riƙa kawo su duk shekara.

Amfanin sanin gidan da nake a layin nan ya fito a wata na uku. Tun ranar farko likitar ta ce mini masu gidajen tsakiya garkuwarsu ba ta zama wuri ɗaya, takan taso da ƙarfi bayan an fara magani, kuma in ta taso jijiya ce ke shan wuya. Ta ce ranar da na ga tabban sun kumbura sun yi ja, ko gwiwar hannu ta kama ciwo, ko yatsu suka yi sanyi, kada in jira ranar alƙawari, kada in daina magani, in taho ko da dare ne. Wata asuba na farka tabon kumatuna ya tashi kamar an mare ni, gwiwar hannun hagu tana zugi har kafaɗa, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun fara lanƙwashewa. Da ba a gaya mini ba, wallahi cewa zan yi maganin ne bai karɓe ni ba, in watsar in koma wurin masu saiwa. Kafin azahar ina gabanta. Ta ɗora ni a kan firedinisolon, ana rage shi sannu a hankali har kusan wata biyar, aka ɗaure mini hannun a rataye na ɗan lokaci, aka koya mini motsa yatsu da shafa musu mai. Wata biyu ban taɓa keke ba, yarana na shago ne suka riƙe mu. Ƙarfin yatsun ya dawo. Ji ne bai dawo duka ba: ƙaramin yatsa da gefen hannun har yau kamar na wani ne.

Likitar ba ta ɓoye mini ba cewa da na zo lokacin da tabon farko ya fito, kafin jijiyar ta yi kauri, da wataƙila ba abin da zan rasa. Shekara guda na ɓata ina shafa mai, sati uku takarda na kwance a aljihun keke, ga ƙaryar da na yi wa mutum biyu da ke neman taimakona. Ina faɗin wannan ne don na san ba ni kaɗai ba ne. Har yanzu ana samun sababbin masu cutar wajen dubu biyu duk shekara a Nijeriya, a duniya kuma kusan dubu ɗari biyu, mafi yawa a Indiya da Birazil da Indonesiya. Mu kuma a Arewa mun tashi da sunayen Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa da Molai da Garkida a kunnenmu kamar wuraren da in an shiga ba a dawowa mutum. Harshenmu ma ba ya ragawa, karin magana nawa muke da su da ke yi wa kuturu dariya? Wanda ya ji irin wannan tun yana yaro, in ya ga farin tabo a jikinsa ɓoyewa zai yi, kamar yadda na yi. Alhali yau a asibitin da ke kusa da kai ake karɓar maganin, ka koma gida ka kwana a ɗakinka.

Na sha fakiti na ƙarshe a watan Agustan 2020. Lokacin kullen korona sun haɗa mini na wata uku don kada in yanke, da azumi kuma bayan buɗe-baki nake sha. Launina ya dawo a cikin shekara guda. Inna ce ta ƙarshe da na gaya wa, bayan na gama. Ta yi shiru mai tsawo tana jan carbi, sannan ta kama hannuna na hagu tana shafa yatsan, ta ce, "Da ɗan'uwana ya samu wannan." Ba ta ƙara komai ba.

Yanzu ba na riƙe yadi da hagu in ana guga, na bar wa yara wannan. Kowane dare nakan jiƙa hannun a ruwa, in duba ko allura ta soke ni ban sani ba, in shafa mai. Kuma sana'ata ta sa ina ganin abin da mutane ba sa nuna wa kowa, don wanda ya zo awo yakan cire babbar riga. Kafin babbar sallar da ta wuce wani magidanci ya kawo shadda. Ina ɗora tef a kafaɗarsa na ga fararen tabo biyu a bayan wuyansa, busassu, babu gashi. Na kori yaran waje da aike. Na ɗauki bakin zare na ja a kan tabon, bai motsa ba, na ja a gefe, ya kai hannu zai kore ƙuda. Na naɗe hannun rigata na nuna masa ɗinki biyun da ke damtsena, na gaya masa abin da na gaya muku, na kwatanta masa ɗakin dattijon nan. Ransa ya ɓaci, ya ce shi ɗinki ya kawo ba duba ba, ya sa rigarsa ya fita.

Bai karɓi shaddar ba. Na ɗinka ta, na goge, tana rataye a leda a bayan kekena, na maƙala takardar kwatancen asibitin a cikin aljihun gaba. Na buga masa waya sau biyu bai ɗauka ba, jibi Juma'a zan sake gwadawa bayan an sauko daga masallaci.